Ranar da Baba Ya Gaida Jaki

Ni ban ga yawancin abin nan da idona ba, da kunne na tsince shi. A shekarar na koma gidanmu goyon cikin ɗana na fari, nan Gusau, bayan tashar jirgi, kuma mace mai cikin wata bakwai ba ta da aikin da ya wuce ta zauna tsakar gida tana ɓarar gyaɗa tana saurare. Katangarmu gajera ce, zaurenmu kuma ba ya riƙe magana. Duk abin da aka faɗa a ƙofar gida yakan iso mini tun da zafinsa. Ni dama can ba mai son fita ba ce, har yau ma haka nake, a bar ni da tabarmata da mai ba ni labari. Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, ana dai ta zancen tafiyarsu.

Babana ɗan dako ne. In faɗa daidai, shi ne shugaban 'yan dakon wani sito da ke bakin tasha, inda ake tara gyaɗa kafin a loda ta a jirgi. Asalinsa mutumin ƙasar Tsafe ne, daga wani ɗan ƙauye kusa da 'Yandoto, kuma can ne bayansa ya fara cin wuya. Yana saurayi ya hau ɗorawa zai kaɗo 'ya'yanta, reshe ya ɓalle da shi, ya sauka da ƙugu a kan saiwa. Ya yi wata guda kwance ana juya shi kamar waina, ya tashi, ya manta, ya taho birni ya sa wuyansa ƙarƙashin buhu. Inna takan ce shi ne ya manta, bayan bai manta ba.

Ku da ba ku ga aikin ba, ba ɗauka kawai ake yi a ajiye ba. Mutum biyu za su ɗaga buhu su aza maka a wuya, ka bi wani siririn katako da aka jingina, yana lilo a ƙarƙashinka, ka hau har can saman tsibi, sannan ka murɗa jiki ka jefar. Murɗawar nan ita ce mugunyar. Daga hantsi har la'asar ake yi, in gyaɗa ta yi sauƙi a koma auduga, har damina ta sauka ana lodi. Baba ya fi shekara talatin yana haka. A bayan wuyansa akwai wata kanta baƙa mai tauri, ina ƙarama nakan danna ta da yatsa in tambaye shi ko da zafi, ya ce wannan ai gammonsa ne da ba ya ɓacewa.

Ciwon da ya zo masa bai zo da hayaniya ba. Bayan ma ba shi ne ya fi damunsa ba, ƙafafu ne. In yana zaune lafiya lau yake, kamar kowa. Da ya miƙe ya fara tafiya, kafin ya yi nisa sai wani nauyi ya sauko masa daga ƙugu, ya bi cinyoyi, ya sauka sharaɓa, sai ya ji kamar tururuwa na yawo a ciki, tafin ƙafarsa kuma kamar yana taka auduga. In ya matsa, ƙafar ta sage, ba ta jin maganarsa. Amma da ya tsugunna, ko ya duƙa gaba, kafin ka sha ludayi biyar na fura abin ya sake shi, ya miƙe kamar ba shi ba. Ya ƙara 'yar tafiya, ta sake kamawa. Yakan ce ƙafafun nan yanzu ba nasa ba ne shi kaɗai, da wani suke rabawa, kuma wanin ba ya sallama in zai karɓa.

Abin da ya ruɗa mutane shi ne noma. Muna da 'yar gona wajen Damba, ranar da ba lodi in aka kai shi a kan jakin makwabta sai ya kama hauya tun safe har azahar, a duƙe, ko a jikinsa. A salla ma ya ce tsayuwa ce ke ba shi wahala, ruku'u kuwa hutu ne. To wa zai yarda da ciwon da ke barin mutum ya yi noma rabin yini, amma ya hana shi tafiyar da ba ta kai daga nan zuwa rijiya ba? Ta wannan ƙofar mutumin Mada ya shigo.

Haka muke kiransa a gida, mutumin Mada, don Inna ta hana a ambaci sunansa inda take tuƙa tuwo. Ya zo Gusau da riga ɗaya, Baba ya sauke shi a zaurenmu, ya kai shi sito, ya koya masa yadda ake tarbar buhu da gwiwa ba da ƙugu ba. Ya ci tuwon Inna har yana gane ranar da ta yi fushi daga gishirin miya. Baba yake ce wa babana, kamar mu. Shi ne ya je wurin akawun sito ya ce a duba fa, mutum in ya yi sawu uku sai ya tsugunna ya ce ƙafa, amma a je Damba a gan shi da hauya, ƙarfinsa yake ɓoye wa gonarsa. Akawu ya aika aka duba, aka kuwa tarar da Baba yana noma har da 'yar waƙa. Mako bai zagayo ba aka ba mutumin Mada shugabanci.

Baba bai roƙi kowa ba. Ya dawo gida, ya rataye tsohon buhun da yake yafawa a kai in zai ɗauki kaya, ya ce wa Inna abu ɗaya: shi da yaron nan ba faɗa, ba zagi, amma har ya koma ga Allah ba zai riga shi gaisuwa ba. Wannan duk kafin in dawo gida ne, a daminar da ta gabata.

An yi magani, kada a ce ba a yi ba. Inna 'yar Bungudu ce, wanta wanzami ne a can, ta sa aka kai Baba ya yi kwana goma. Aka yi masa ƙaho a gadon baya, jini baƙi ya fita, Kawu ya nuna masa ya ce ga sanyin nan ya fito. Ya dawo da tsage-tsage jere kamar kunyoyin gyaɗa, ƙafa kuwa tana nan yadda take. Matar wani kafintan reluwe da ke makwabtaka da mu, Kirista 'yar kudu, ta kawo wani mai a kwalba mai warin yaji, Inna ta yi ta murza masa har nata hannun ya ɗauki zafi. Sai aka fara raɗa cewa sammu ne, mutumin Mada ne ya binne wani abu a hanyar sito. Wannan maganar ta fi ciwon ɓata masa rai. Na ji shi ta katanga yana ce wa masu faɗa:

"Kada ku ba shi girman da bai da shi. Wanga yaro ba shi iya karya min ko tsinke. Buhu ne, da ɗorawa, da shekaru."

Wanda ya fi kowa kusantar gaskiya mahauci ne, abokin Baba tun suna samari. Wata rana ya zo zaure da ƙashi biyu ƙunshe a ganye, ni ina bayan asabari. Ɗaya na ɗan maraƙi, ɗaya na tsohon takarkari, irin san nan da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar kaya. Ya ce Baba ya leƙa ramin da ke tsakiyar kowanne, inda laka ke bi. Na maraƙin yatsa na shiga ya juya. Na takarkarin kuwa ƙashi ya yi toho ta ciki, ramin ya tsuke, da kyar siririn kara ke wucewa. Ya ce shi ba likita ba ne, amma ya fasa bayan dabba fiye da yadda zai iya tunawa, kuma in ka lanƙwasa gadon baya gaba ramukan nan ɗan buɗewa suke, in ka miƙar da shi su matse. Baba ya daɗe yana juya ƙashin a hannu, sannan ya ce ashe shi takarkari ne, to alhamdu lillahi, bai taɓa jin an ce takarkari ya yi ƙarya ba. Bayan shekaru masu yawa, da nawa bayan ya fara, wani likita ya ɗaga hoton ƙashina a fitila ya yi mini bayani, na ce masa ai na taɓa jin wannan karatun a bakin mahauci. Bai ji daɗi sosai ba.

Yanzu ga inda matsalar take. Daga gidanmu zuwa kasuwa da masallacin Juma'a hanya ɗaya ce ga mai ƙafa irin ta Baba, ɗayar sai an zagaya bayan kududdufi, ninki uku. Hanyar tana ratsa wani fili mai tsawo, kuma a watan da na dawo gida mutumin Mada ya tare a wani gida da ke tsakiyar filin nan, ƙofarsa na kallon hanya. Tun da ya zama shugaba ya daina ɗaukar ko ƙunshin goro. Ya yi babbar riga, ya sayi jaki mai kai masa kaya ƙauye, in ba ya sito sai ya shimfiɗa buzu a ƙofar gida, 'yan dako na zagaye da shi. Filin ya fi ƙarfin ƙafar Baba. Ko ya huta a bakin lungu kafin ya shiga, sai ta kama shi a tsakiya. In kuwa ya ce zai tsugunna tun bai kusa ba, wannan ya fi muni, don daga nesa ake zube wa manya.

Ranar farko da abin ya faru, mai yi wa Inna kitso ce ta kawo labarin kafin shi ya dawo. Ta ce Baba ya kai gaisuwa. Inna ta ce wace gaisuwa. Ta ce ai ga shi can an gan shi tsugune gaban mutumin Mada, kai a ƙasa, shi kuma ya ɗaga hannu daga kan buzunsa, ya ce da ƙarfi yadda na bakin kasuwa zai ji:

"A'a Baba, tashi, tashi. Ai ya wuce, ni na yahe."

Baba ba ya iya tashi, nan ne abin ya yi ciwo. Dole ya tsaya a tsugunen har ƙafa ta dawo, mutumin kuma yana ta maimaita masa tashi, yana gaya wa mutanensa su ga tarbiyya irin ta mutanen da. Kafin magariba gari ya ɗauka: tsohon shugaba ya je ba da haƙuri, yana neman a mayar da shi ko gadi ne.

Ya gwada duk dabarar da ya sani. Ya sami doguwar sanda ya bi filin a duƙe, don in ya duƙa ƙafar takan ƙara masa tafiya, aka ce yau kuma rusunawa ya yi tun daga farkon fili har ƙarshe. Ya cije ya miƙe sosai ya yi sauri, ƙafa ta ƙwace masa daidai ƙofar, ya faɗi bisa gwiwa biyu, aka ce yau har da durƙuso. Duk yadda zai yi da jikinsa ya sami sauƙi, a wurinmu sunan abin ladabi. A miƙe a wuce kuwa, shi ne kaɗai bayansa ya hana shi. Inna ta sa aka mirgina tsohon turminta aka kife shi a gefen hanya don ya riƙa zama, tunda zama dai ba gaisuwa ba ne. Kafin la'asar an mirgino mana shi har ƙofar gida, da saƙon cewa filin yana da mai shi, kuma Baba ai ba baƙo ba ne, in ya gaji ya ƙaraso gefen buzu.

Inna ta ce to ya zauna gida. Mai lalura Allah ya ɗauke masa, ya yi sallarsa a zaure, in kuma zaman Gusau ya ishe shi su tattara su koma Bungudu, akwai ɗaki, akwai gona, ba wanda ya san shi da sito. Ba don rashin zuciya ta faɗa ba, ita ce ke wanke masa gwiwa. Ya kuwa zauna Juma'a ɗaya. Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya zauna cikin zaure yana jin takun mutane suna wucewa. Na kai masa fura, na tsaya dafe da ƙugu saboda nauyin ciki, shi ma ya miƙe dafe da nasa, muka dubi juna. Ya ce ke naki kayan saura kaɗan a sauke miki. Na ce Baba ko dai a bi maganar Inna. Ya karɓi ƙwaryar ya ajiye, bai sha ba.

"Ɗiyata, in na zamna yau don shi, gobe hanyar ta zama tashi, jibi kasuwa da masallaci. Sito yak karɓe min, ba gari ba."

Washegari na haihu. Gida ya cika da mata da hayaƙin ruwan wanka, aka ɗan manta da Baba. Da Juma'a ta zagayo, ina ɗaki da jariri na ji yana tambayar Inna dusa. Ta ce dusar me, ko kiwon kaji zai fara. Ya ce cikin ƙoƙo ɗaya ya isa, gaisuwa za shi, kuma ba a zuwa wurin babba hannu rabbana. Inna ta ɗebo ta miƙa masa. Na san abin da ta zata, ni ma shi na zata, wurin mutumin Mada za shi, ban ma tsaya tunanin wane babba ne ake kai wa dusa ba. Ya juye ta a aljihun riga, ya ɗauki sanda ya fita.

Mutum huɗu suka ba ni labarin abin da ya biyo baya, mahauci da mai kitso da matar kafinta da shi kansa Baba, kuma ba inda suka saɓa sai a yawan mutanen da ke wurin. Ya shiga filin a miƙe, hula a goshi. Mutumin Mada na kan buzu, ya gyara zama tun daga nesa. Da ƙafa ta fara kamawa, Baba bai tsaya inda ya saba ba, ya karkata hagu, wajen inuwar da aka ɗaure jakin. Ya tuɓe takalmansa ya ajiye gefe. Ya tsugunna gaban jakin, ya juya wa buzu ƙeya, ya dunƙule hannu ya ɗaga.

"Ranka shi daɗe. Ina gajiya? Ya bayan?"

Jaki ya kaɗa kunne. Baba ya zuba masa dusa, ya ce ga ɗan abin da ya samu, a yi haƙuri ba yawa. Mutumin Mada, ko bai gane ba ne ko ya ga gara ya yi kamar bai gane ba, ya fara abin da ya saba, a'a Baba, tashi. Baba bai waiwaya ba.

"Dakata yaro, ina magana da maigida. Wanga shi ka ɗaukar kaya gidan ga."

Mahauci ya ce ba wanda ya yi dariya da farko. 'Yan dako suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa, har wani tsoho a cikinsu ya kasa, ya tashi ya shiga lungu yana tari. Baba kuwa ya ci gaba da hirarsa cikin natsuwa. Ya tambayi jakin ya hanyar Mada, ko har yanzu akwai yashin nan mai cin ƙafa. Ya ba shi shawara ya riƙa tarbar kaya da gwiwa. Ya ce masa kuma ya yi hattara, in ya tsufa ƙafa ta fara sagewa kada ya bari a gan shi yana cin ciyawa da kuzari, za a ce ƙarya yake. Da ya ji ƙafarsa ta dawo ya ce wa jakin sai an jima, ya sa takalmi, ya miƙe ya wuce masallaci. A dawowa ma ya sake biyawa.

Daga ranar ya daina jiran Juma'a. Kullum da hantsi zai fita kasuwa wurin mahauci, da dusarsa a aljihu. Jaki ba ruwansa da siyasa, mai ba shi abinci ya sani. Da ya hango farar hular Baba daga bakin lungu sai ya ɗaga kai ya saki kuka, unguwa duka ta san an zo gaisuwa. Ni daga ɗakin jego nake jin kukan, in ce wa Inna Baba ya isa. Masu wucewa suka fara tsayawa kallo. Wasu 'yan dakon in sun zo wurin shugabansu sai su rage murya su ce wa jakin barka da hutawa kafin su ƙarasa buzu. A sito kuma in akawu ya tambayi ina shugaba, ba a rasa mai cewa yana turke.

Inna ba ta ji daɗin abin ba da farko. Ta ce da ana cewa ya ƙasƙantar da kansa, yanzu za a ce ya taɓu. An kuwa faɗa. Har wani malamin unguwa ya aiko cewa bai dace dattijo ya riƙa yi wa dabba sallama ba. Baba ya ce a gaya wa Malam shi bai taɓa yi wa jaki sallama ba, gajiya kawai yake tambayarsa, in kuma akwai littafin da ya hana a tambayi mai aiki gajiya, a kawo a karanta masa. Ba a kawo ba.

Mutumin Mada ya daure mako biyu, sannan ya tura jakin can wurin 'yan'uwansa a ƙauye. Muka ce shi ke nan, an gama da Baba. Washegari ya fita da dusarsa kamar kullum, ya tuɓe takalmi, ya tsugunna gaban turken da babu komai a jikinsa sai guntuwar igiya.

"Maigida ya yi tahiya? To, Allah shi maido shi lahiya. A ce mai na zaka."

Ya zuba dusar a gindin turke, kajin unguwa suka yi biki. Bayan kwana biyu aka tumɓuke turken, ya gaida ramin. Aka cike ramin, ya ce ba komai, ai ya san inda gidan yake.

Ranar da na yi arba'in muka fita gaida dangi ni da Inna, jariri a bayana. Baba ya ɗan riga mu fita, muka biyo shi a baya, don ina so in gani da idona ko sau ɗaya ne. Da muka fito bakin fili sai muka hango wani abu a inuwar da jaki yake a da: wani ƙaton kututturen maɗaci, an sassaƙe samansa ya yi sumul. Daga baya muka ji cewa 'yan dako huɗu ne suka kawo shi da sassafe, da umarnin shugabansu, wai a ajiye wa tsohon nan ya zauna, shi ma ya huta da zancen jaki. Mutumin da ya maido mana turmi fa.

Baba ya tsaya a kansa. Na ga ƙafarsa ta fara rawa, na san ta kama, amma bai zauna nan da nan ba. Ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa da sanda kamar mai taya sa a kasuwa. Sannan ya tattara riga ya zauna, takalmansa a ƙafa, ya ɗan duƙa gaba ya aza haɓa a kan sanda. Inna ta ce a hankali, dube shi can kamar alƙali.

Abin da mutumin Mada bai hango ba shi ne, a wurinmu mai tafiya ke gaida na zaune, balle in na zaunen ya isa haihuwarka. Kuma kututturen yana daidai inda ba shi da hanyar fita daga gidansa sai ta gabansa. Muna tsaye a bakin lungu Inna na gyara mini goyon da bai kwance ba, sai ga shi ya fito cikin babbar riga zai tafi sito, mutum biyu a bayansa. Ya ga Baba. Ya rage tafiya. Ya dubi hagu, katanga ce, ya dubi dama, mutane ne suna jira. Baba yana kallon gabansa kamar mai jiran jirgi. Mutumin ya zo daidai shi, ya ɗan rage tsawo, kaɗan dai, amma kowa ya gani.

"Baba, barka da hutawa."

"Barka kadai," in ji Baba. "Ina gida? Ina aiki? In ka aika Mada, a gaida min jakin."

Ciwon bai warke ba, kada wani ya ce na ce ya warke. Tafiyar ta yi ta raguwa shekara bayan shekara, har ya zama daga gida zuwa kututture ne iyakarsa, mahauci ke zuwa ya same shi a can. Zancen Bungudu kuwa Inna ba ta sake tayar da shi ba. Amma a ranar arba'in ɗin dai, da ƙafarsa ta dawo, na ga ya zura hannu aljihu ya ciro dusar da ya fito da ita, ya dube ta, ya watsa wa kaji, ya kakkaɓe hannu. Sannan ya tashi ya gyara hula, ya ƙarasa rabin filin nan a miƙe, mu muna binsa a baya.